Daɓen Ɗakin Inna

Na bar Daura tun ladan bai gyara murya ba.
Babur ɗina na sayar, na cika da kuɗin gyaɗar Inna.
Ta ƙulle min ƙuli-ƙuli a tsohon kallabi,
ta ce, "Mannir, in ka ga ruwa ka sha,
kada ka ce sai gaba."

A Kwangwalam aka ƙirga mu kamar buhunan wake.
Damagaram, Agadas, daga nan ƙasa ta ƙare,
sai yashi, sai sama,
sai sandar da ka matse tsakanin cinyoyi
a bayan motar da ba ta tsaya wa wanda ya faɗo.
Iro ɗan tela bai faɗo ba,
zazzaɓi ne ya sauke shi a kwana na huɗu.
Da hannu muka tona, da taimama muka sallace shi,
muka kafa jarkarsa ta wajen kai.
Har gobe in na hango shuɗiyar jarka a bakin famfo
sai in sake hanya.

Amma kada in yi wa arziki butulci.
Na ga alheri a Sabha.
Wani dattijo mai jan gemu ya koya min shimfiɗa tayil,
ya ce idona ya fi igiya miƙewa.
Kafin shekara na aiko da kuɗin kwanon rufi,
na biya wa Hajo makarantar ungozoma,
ragon layyarmu har maƙwabta suka leƙo.
Ana ambatona a gidan suna,
ni kuwa ina can kan buhun siminti
ina cin taliya ba mai.

Sai wani bene mai hawa uku.
Wata biyar ina durƙushe a cikinsa
kamar mai neman gafara.
Ranar biya, mai gidan ya nuna min bakin bindiga,
sannan ya nuna min ƙofa.
Ban yi nisa ba wasu suka tsince ni.
Ɗaki ba taga, mu saba'in, bokiti ɗaya.
Suka miƙo waya: "Kira gida, ka yi kuka."
Na kira.
Ban yi kuka ba, Inna ce ta yi.
Gonar Baba ta hanyar Mai'aduwa
ita ta buɗe min ƙofar nan.

Shekara huɗu, na sauka a tasha da jaka ɗaya
da gwiwoyi masu kanta irin na raƙumi.
Murja, da na bari tana rarrafe,
ta laɓe bayan uwarta,
ta ce, "Umma, an yi baƙo."

Jiya da la'asar Rabe ya same ni a dakali,
gashin bakinsa bai gama tsirowa ba.
"Yaya, nawa ne zuwa Agadas yanzu?"
Na ɗaga kai, ga kwanon rufi yana sheƙi.
Na juya, ga hanyar gonar da wani ke nomawa.
Bakina ya yi nauyi.
Na faɗa masa kuɗin,
na faɗa masa sunan Iro,
na bar shi ya auna da kansa.

Da ɗan abin da ya rage na sayo kwali shida,
farare masu zanen ruwa,
na ce yau ɗakin Inna zai zama irin na can.
Ta taka ɗaya da tafin ƙafa,
ta janye kamar ta taɓa kwaɗo.
"Sanyi gare shi, ba ya riƙe sawu.
Bar min daɓena.
A nan ka koyi tafiya, ga gurbin dugaduganka can.
Duk daren da ba ka nan
shi nake shafawa in yi barci."

Kwalayen suna zaure har yanzu.
Kaji ke kwana a kai.